Ƙanena ya yi saurin fitowa daga nutso, an ce ya koma ruwa

Tambaya: Likita, ƙanena yana aikin nutso da tulun iska. Jiya ya yi gaggawar fitowa daga zurfin mita 30. Bayan awa ɗaya kafaɗarsa ta kama ciwo, ƙafarsa ta yi sanyi kamar ba tasa ba. Yau ya ce da sauƙi, abokan aikinsa kuma sun ce ya sake nutsewa kumfar iskar da ke jininsa za ta narke. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malam, ka kai shi asibiti yau, kada ka bari sai gobe.

Kai ma ka san a mita 30 matsin ya ninka na tudu sau huɗu, jini ya sha naitirojin, wato iskar da ta fi yawa a cikin wadda muke shaƙa, saurin fitowa ya mai da shi kumfa. Abin da mutane ba sa ganewa shi ne kumfar ba toshe hanya kaɗai take yi ba. Tana kankare siririn rufin da ke cikin jijiyar jini, wanda shi ke sa jijiya ta buɗe ko ta tsuke. Da ya ji rauni sai jijiyar ta kasa sakewa, ruwan jini ya riƙa tsiyaya cikin nama, jinin ya yi kauri ya fara gudaji. Ko kumfar ta ɓace, ɓarnar tana nan tana ci. Mutuwar ƙafa kuwa alama ce abin ya taɓa lakar gadon baya.

Wannan magana ta "koma ruwa" ta ishe ni. Kusan kullum sai na ji ta, daga bakin waɗanda ba su taɓa ganin wanda ya shanye daga ƙugu zuwa ƙasa ba. Iskar tulu kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, wato ka ƙara masa abin da ya kayar da shi. Eh, ciwon zai lafa a ƙasa, domin matsi ya danne kumfar, nan yaudarar take. Ya fito, ta dawo da ƙarfi. In kuma ya suma a can, wa zai ɗauko shi? Masu cewa a yi wankan ruwan zafi ko tausa su ma su kama bakinsu.

Ya kwanta a miƙe, a sa masa iskar oksijin zalla, ya sha ruwa in yana cikin hayyacinsa. Maganinsa ɗakin matsin iska ne, inda ake sa mutum cikin matsi irin na zurfin mita 18 yana shaƙar oksijin, zama ɗaya kusan awa 5. Ku faɗa wa likita zurfin, daɗewarsa a ƙasa da lokacin da ciwon ya fara. Kada ya hau jirgin sama sai da izinin likita.