Kan hoton ginin da aka lulluɓe da tsofaffin buhuna

Salam ƙanina, na ga hoton da ka turo da tambayarka, wai mu nan Gana talauci ne ya kai mu rufe gini da buhun gawayi ko kuwa gobara aka yi. Wallahi sai da na yi dariya har yaran gida suka leƙo. Babu gobara, ginin nan shi ne babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Akra (Ankara kamar yadda tsofaffinmu na zango ke ce mata, ba ta Turkiyya ba), kuma da gangan aka yi masa wannan rigar a 2016. Aikin wani ɗan Tamale ne, Ibrahim Mahama, haihuwar 1987. Kar ka haɗa shi da attajirin nan ƙanin John Mahama, suna ne kawai ya zo ɗaya.

To bari in faɗa maka abin da ya sa mu 'yan zango abin bai ba mu mamaki kamar yadda ya ba ka ba. Buhun algararan nan mun san shi tun yana sabo. A Indiya da Bangaladash ake saƙa shi, a shigo da shi don zuba koko, in ya gama wannan aikin sai ya faɗo kasuwa, ya ɗauki masara, ya ɗauki shinkafa, in ya tsufa ya koma wajen masu gawayi, kowa ya riƙe shi sai ya rubuta sunansa ko alamarsa a jiki don kar ya ɓata a mota, inda ya yage a yi masa faci. Shi Mahama irin waɗannan yake bi yana karɓa, wani lokaci ya ba da sabo a ba shi tsoho, sai a zauna da mutane da yawa a ɗinke su da basilla su zama shimfiɗa guda mai rufe bene. Bature in ya tsaya gabansa a bikin nunin fasaha na Benis ta Italiya a 2015 ko a Kasel ta Jamus a 2017 yana ganin launi da girma ne, mu kuwa rubutun jikin muke karantawa, saboda hannun iyayenmu da maƙwabtanmu ne ya bi ta kan irinsu. Wata gwaggona da ta yi shekaru tana harkar gawayi da na nuna mata cewa ta yi, oh, ashe wahalarmu ma ana zuwa kallo.

Ka kuma tambaya ko malamanmu ba sa magana, tunda an ce sassaƙa. Ai nan ne mutane ke ruɗewa, da an ce sassaƙa sai hankali ya tafi kan gunki. Yawancin ayyukan nan ba fuska ba ido ba siffar mai rai, ɗinki ne da jeri, shi ya sa a zango ba ka cika jin an tada jijiyar wuya a kai ba. Inda na taɓa jin gardama shi ne kan El Anatsui, dattijon nan haihuwar 1944 a Anyako, wanda ma naku ne ku 'yan Najeriya rabi da rabi don tun 1975 ya koma koyarwa a jami'ar Nsukka. Shi marafan kwalaben giya yake tarawa dubbai, a daddaƙe su su baje, a huda, a haɗa da wayar jan ƙarfe, in an rataya ka rantse wani ƙaton zane ne na sarauta yana walƙiya. Wasu abokaina suka ce kayan barasa ne ba ruwansu, wasu suka ce ai murfi ne aka tsinto ba sha aka yi ba, kuma tarihin yadda Turawa suka riƙa kawo giya gaɓar tekun nan zamanin cinikin bayi ma yana cikin abin da aikin ke tunasarwa. Ni dai ina ɓangaren na biyu. An ba shi babbar lambar yabo ta Benis a 2015, a 2023 kuma ya cika babban zauren gidan nunin fasaha na Tate Modern a Landan da su.

Batun masu aiki da takarda da ka tambaya kuwa, akwai ɗalibarsa Nnenna Okore da ke koyarwa a Shikago, tsofaffin jaridu take yagawa ta murɗa ta ɗaure su zama kamar saiwar itace ko raga. Ita ban taɓa ganin aikinta ido da ido ba sai a hoto.

Wanda yara suka fi sani nan Akra shi ne Serge Attukwei Clottey na Labadi, mai jarkoki ruwan ɗorawa. Asali na man girki ne, muka mayar da su na ɗibar ruwa, har ake ce musu galan ɗin Kufuor saboda ƙarancin ruwan da aka sha lokacin mulkinsa, kuma ba gidan zangon da za ka shiga ka rasa guda biyar a bayan ƙofa. Yana yayyanka su ƙanana ya ɗinke da waya, har titunan unguwarsu ya taɓa shimfiɗe da su.

Abin da ke ɗan ci min rai, ba zan ɓoye maka ba, sunan mutum ɗaya ake rubutawa a bango alhali hannu nawa ne ya yi ɗinkin, ga 'yan bola da suka yini a rana suna tsinto kayan. Sai dai shi Mahama na ɗaga masa ƙafa, don abin da ya samu ya kai Tamale, ya buɗe cibiyar fasaha ta SCCA a 2019, sannan Red Clay inda ya jawo tsofaffin jiragen sama ya ajiye aka mayar da cikinsu ajin yara. In Allah ya kawo ka hutun nan sai mu hau mota mu je, tafiyar yini ce daga nan, ka zo da ƙaramin naka don na san jirgin zai fi burge shi da buhun. Ka gaida min su Inna.