Ta ina ƙananan ƙungiyoyin jita suke ɓullowa?

Malam, ka tambaya ta ina waɗannan sababbin ƙungiyoyin jita suke fitowa, waɗanda babu wani babban kamfani a bayansu amma sai ka ji ana sa su a Turai da Amurka, da kuma inda ku huɗun da kuke kiɗa tare za ku kama. Abin da Turawa ke kira indi ke nan, wato ƙungiya mai cin gashin kanta, ko wadda ƙaramin kamfani ke fitar wa faifai. Misalansu suna nan kusa da mu, a Agadas da Abalak.

Ɗauki Etran de L'Aïr. 'Yan gida ɗaya ne, wa da ƙane da ɗan baffa, sun fara a Agadas a 1995 da jita guda ɗaya marar wuta da ƙwarya da ake bugawa da silifa. Faifansu na farko da duniya ta ji sai a 2018 ya fito. Tsakanin nan shekara ashirin da uku suna bin bikin aure da suna. Shi ya sa in ka saurare su za ka ji jitocin suna shiga cikin juna ba tare da wani ya taka wani ba, kuma mai ganga ba ya gudu ba ya ja baya. Wannan ba a koyonsa a sitidiyo. A filin biki ake samunsa, inda in kiɗa ya yi sanyi mata za su zauna su bar ku.

Mdou Moctar kuwa, wani mai jita ɗan Nijar, jitarsa ta farko da kansa ya harhaɗa ta da wayar birkin keke. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, da irin gyaran muryar kwamfuta da ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya ta bulutut da katin memori har arewacin Mali. Can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds na birnin Portland, ya tsinci ɗaya daga ciki, ya sa ta a wani faifan gamin-gambiza a 2011, ya bi sawu har ya gano mai ita. Zuwa 2021 kamfanin Matador na New York ne ke fitar masa da faifai. Ƙungiyar mata ta Les Filles de Illighadad kuwa daga wani ƙauye suke a yankin Abalak. Mai jitarsu, Fatou Seidi Ghali, ta koyi jita ita kaɗai a kan ta yayanta, sai suka haɗa ta da tende, turmin da ake rufa wa fatar akuya, da ƙwarya a kife cikin ruwa. Faifansu na farko a 2016 a waje aka ɗauke shi, a ƙauyen.

To ku fara da ɗaukar sauti, don nan aka fi yin ɓarna. Ƙaramin rikoda na hannu irin Zoom H4n ko H5 ya wadatar. Ku sa shi a kan WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, kada ku ɗauka a MP3. Ku kafa shi kamar taku uku zuwa huɗu daga gabanku, a daidai ƙirjin mutum, mai ganga ya fi kowa nisa. Ku buga wurin da ya fi ƙarfi a waƙar ku duba mitar sautin da ke kan rikodan: ta tsaya tsakanin -12 da -6. In ta taɓa sifili sauti ya fashe, kuma babu injiniyan da zai ɗinke shi. Ɗaki mai siminti tsirara yana mayar da amo, sai a shimfiɗa tabarmi da darduma, a jingina katifu a bango. Ƙugin da kuke ji a lasifikar jita yawanci daga janareta ne da rashin wayar ƙasa, ko wayar jita mai araha, ko fitila da fanka da suke layi ɗaya da ku. Ku kashe fanka, ku kai janareta bayan gida da doguwar waya, in da hali ku yi amfani da batir. Ku canja tsirkiya kwana biyu kafin ranar, domin sabuwa fil tana saki tana ɓata sauti.

Kada ku raina waya ma. A 2020 Sahel Sounds ya yi shekara guda yana fitar da waƙoƙin da aka ɗauka da waya aka aika ta WhatsApp, kuma Etran de L'Aïr ne suka buɗe jerin. Sai dai in rikoda kuka yi aiki da shi, ku tura fayil ɗin a matsayin dokumen, ba saƙon murya ba, don kada a matse shi.

Sai batun kuɗi, inda zumunci ke lalacewa. Tun kafin waƙa ta fita ku rubuta a takarda wa ya yi baiti, wa ya yi kiɗa, kaso nawa kowa zai ɗauka, kowa ya sa hannu. Sai rajista da hukumar kare haƙƙin mallakar waƙa: 'yan Nijar su yi da BNDA a Yamai, 'yan Najeriya da MCSN. Bandcamp, shafin sayar da waƙa a intanet, yana cire kashi 15 cikin ɗari na cinikin waƙa, sauran naku ne bayan kuɗin tura kuɗi, amma ku tabbatar da hanyar da za ta shigo hannunku kafin ku ɗora komai. Spotify, manhajar sauraron waƙa, ba ya karɓa daga hannunku kai tsaye, sai ta dillali: DistroKid ana biyansa duk shekara, CD Baby sau ɗaya kan kowane faifai. Kuma tun 2024, a Spotify, waƙar da ba a saurara sau 1,000 a cikin wata goma sha biyu ba, ko sisi ba ta kawowa. A ganina ƙaramar ƙungiya kada ta sa rai da shi, allon talla ne kawai.

In wani kamfani ya neme ku, tambaya uku za ku yi masa. Hayar faifan yake so na wasu shekaru, ko saye har abada? Rabon riba nawa ne, kuma bayan an cire wane kashe-kashe? Ƙananan kamfanoni da yawa raba-daidai suke yi. Sannan yaushe zai riƙa kawo lissafi a rubuce? Takardar da aka rubuta da Turanci ko Faransanci ku kai wa wanda ya iya karatun yarjejeniya, ba abokin da ya kawo mutumin ba. Ainihin fayilolin WAV ɗin kuma ku ajiye su wuri biyu, ɗaya a hannun wanda ba shi ke riƙe da kuɗin ƙungiya ba.