Amsa ga Malamin Kano Kan Tafiyar 'Ya'yanmu Makaranta a Zangon Kumasi

Assalamu alaikum Malam. Tambayar da ka yi mini bayan ka koma gida daga ziyarar da ka kawo mana ta zauna mini a rai. Ka ce ka ga yara ƙanana, har da 'yan mata masu hijabi, suna tafiya makaranta da sassafe babu babba tare da su, wasu ma suna shiga trotro, wato ƙaramar bas ɗin haya, suna magana da yaron mota da Tonanci, harshen Tonawa (Ashanti) mutanen garin nan, shi ne ka tambaya ko daɗewar da muka yi cikin Tonawa ta sa mun saki tarbiyya. Na san ba da mugun nufi ka faɗa ba, amma kalmar "saki" ta yi mini nauyi.

Abin da idon baƙo ba ya gani shi ne, yaron da ya fito daga gida a unguwar Aboabo ko Asawase ba shi kaɗai yake tafiya ba. Gidajenmu na haya ne masu ɗakuna da yawa, yara goma suna iya fitowa daga ƙofa ɗaya, kuma babbar cikinsu ita ce uwar tafiya, ita za a tuhuma idan wani ya makara ko ya ɓata kayansa. A hanya akwai mai koko da ƙosai wadda ta san uwar kowane yaro, akwai mai waakye, wato shinkafa da wake, akwai dattawan da ke zaune a ƙofar masallaci tun bayan asuba. Yaron da ya ratse hanya, labarinsa yakan riga shi isa gida. Kai ka ga yara, ba ka ga idanun da ke kansu ba.

Ba kuma rana ɗaya ake sakar wa yaro hanya ba. Mai shekara 4 ko 5 da ke ajin yara, hannunsa yana cikin na uwarsa ko yayarsa har ƙofar aji. Daga shekara 6 zuwa 9 yana bin ayarin gidansu, amma ba ya tsallaka babban titin da ya taso daga Anloga ya nufi shataletalen filin jirgi sai da babba, haka nan idan ruwan sama ya sauka ba a barin kowa ya kusanci rafin Aboabo, domin ambaliyarsa ta sha shiga gidajen mutane. Ni a gidana sai yaro ya kai 11 ko 12 nake ba shi kuɗin mota a hannunsa, bayan na bi shi a baya sau da yawa na ga yadda yake duba hanya. Ina yin haka ne tun ranar da wani mai pragya, wato abin da kuke kira adaidaita sahu, ya kusa kaɗe 'yata tana da shekara 9, saboda na yi gaggawar yarda da wayonta. Har yau idan na tuna gabana yakan faɗi.

Akwai dalilin da ya sa ba za mu iya riƙe su a ɗaka ba. A Ghana idan yaro ya gama ƙaramar sakandare ya rubuta jarrabawar BECE, kwamfuta ce take zaɓa masa babbar makaranta, tana iya jefa shi Tamale ko Cape Coast yana ɗan shekara 15, kuma tun da aka mayar da karatun kyauta a 2017 'ya'yan zango da yawa suna tafiya makarantun kwana. Yaron da bai taɓa shiga mota shi kaɗai daga Aboabo zuwa Kejetia, babbar kasuwar Kumasi, ba, yaya zai yi a tashar garin da bai san kowa ba?

Batun Tonanci kuwa, nan ne na fi jin zafi. Kakana daga ƙasar Kano ya zo fataucin goro, ya zauna, kuma lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi a 1969 'yan'uwansa da yawa sun tafi, mahaifina ya tsaya. Mahaifiyata Batoniya ce da ta musulunta, kuma ita ce take raka ni makarantar allo tana jira a gindin bishiya har a tashe mu, alhali a lokacin ita kanta Fatiha take koyo. Ita ta koya mini yadda zan gai da tsohuwa da Tonanci in tambaye ta hanya, kuma sau biyu wannan gaisuwa ta mayar da ni gida ina yaro. Idan mun zo Kano akan yi mana dariya don Hausarmu ba ta cika raba mace da namiji ba, har wani ya taɓa tambayata ko mu Hausawa ne na gaske. Yarinyar da ka ji tana Tonanci a trotro, da Hausa ta gai da ubanta kafin ta fito, da yamma kuma tana gaban malam da allonta, Asabar da Lahadi ma haka.

Ina da ƙorafi ɗaya da zan faɗa cikin ladabi. A can gida ana ɗaukar yaro ɗan shekara 7 a kai shi almajiranci garin da ba shi da uwa ba shi da uba, mu kuwa namu suna kwana a ɗakin iyayensu kowane dare, amma mu ake tambaya ko mun saki 'ya'ya.

Idan Allah ya sake kawo ka, ka sauka a gidana, mu fita tare bayan sallar asuba mu bi ayarin yaran har ƙofar makaranta, in nuna maka mai kokon da har yau take kirana da sunan mahaifiyata. Ka gai da iyali.