Amsa kan fararen furannin da suka tsiro cikin hunturu

Assalamu alaikum. Hajiya, na ga hoton da kika saka a guruf, kina tambaya ko ciyawa ce ta fito a bayan gidanku na Manchasta cikin wannan sanyi na Janairu. Don Allah kada a tuge ta, domin furen nan ne da mutanen Ingila ke kira snowdrop, masana tsirrai kuma suna ce masa Galanthus.

Idan kina son ki tabbatar, ɗaga kan furen ki duba, tunda kullum a sunkuye yake. A jikin furen kansa za ki ga dogayen ganye farare guda 3 a waje, sannan gajeru 3 a ciki masu ɗigon kore a bakinsu. Idan kuwa duka 6 ɗin tsawonsu ɗaya, kowanne da ɗigonsa, to wani fure ne daban mai suna Leucojum, wanda ya fi snowdrop tsayi. Snowdrop iri-iri ne: naki mai siririn ganye ya fi kama da irin da ake kira nivalis, domin irin da ake kira elwesii, wanda asalinsa daga wajejen Turkiyya ne, ganyensa ya fi faɗi.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne lokacin dashe. Ana sayar da busasshiyar albasarsa, wato tushensa na cikin ƙasa, a kaka, amma a ganina yawanci asarar kuɗi ce, saboda ba ta jure bushewa. Ki bari sai furen ya yanƙwane a ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, ganyen yana nan kore shar, sannan ki haƙo dunƙulen, ki rarraba shi da hannu, ki mayar da shi ƙasa a ranar, zurfin kamar santimita 10, ki ba shi ruwa. Gindin bishiyar da ke kaɗe ganye da hunturu ya fi dacewa da shi, inda ƙasa ke da danshi da ruɓaɓɓen ganye amma ruwa ba ya kwanciya. Kada a yanke ganyen sai ya yi ɗorawa da kansa, domin da shi albasar ke tara abincin baɗi.

Wanda ya tambaya ko zai yi a Kano kuwa, ba zai yi ba, domin sai ya sha dogon sanyi kafin ya yi fure.

Sannan a kula da yara, albasarsa tana kama da ƙaramar albasar miya, alhali tana da guba, tana sa amai da ciwon ciki.