Shin Kwamfuta Za Ta Iya Fassara Gwajin Ƙwayoyin Halittar Cutar Kansa?

Tambaya: Likita, mahaifina yana fama da kansar huhu. An yi gwajin ƙwayoyin halitta, an ce manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta taimaka wajen fassara sakamakon. Za mu iya dogara da ita?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Ana yanko ɗan naman ƙarin, ko a ɗebi jini, a karanta ɗaruruwan ƙwayoyin halitta lokaci guda. Sauye-sauyen da ake gani suna da yawa, galibinsu ba su da tasiri. Aikin manhajar shi ne ta tace su, ta gwada su da rumbunan bayanai irin su OncoKB da ClinVar, ta nuna wanda yake da magani. Misali, sauyi a ƙwayar halittar da ake kira EGFR yakan sa a ba da maganin osimertinib.

Amma tana kuskure. Idan ƙwayoyin kansa sun yi kaɗan a samfurin, sauyin na iya ɓuya. Sinadarin fomalin da ake adana naman a cikinsa yakan haifar da sauyin ƙarya. Kuma sauyi ɗaya ba ya nufin magani ɗaya: maganin sauyin da ake kira BRAF V600E yana aiki a kansar fata ta melanoma, amma shi kaɗai ba ya wadatarwa a kansar hanji.

Ku tambayi likitansa ko kwamitin ƙwararru ya duba rahoton, da kuma yawan ƙwayoyin kansa a samfurin. Don Allah kada ku canza magani bisa amsar manhajar hira ta ƙirƙirarriyar basira, domin takan ƙirƙiro abin da babu.