Abin da ke kashe shukar kariya a gida

Ka ce kariyar da ka dasa tana shan ruwa safe da yamma, amma ganyenta ya yi rawaya ya zube, gindin kuma ya yi taushi. To yarona, ruwan nan shi ne ciwon. Kariya 'yar daji ce, a jigawa da wuraren duwatsu take fitowa, kuma wannan kumburarren gindin rumbunta ne, a nan take tara ruwan da zai kai ta ƙarshen rani. Idan ƙasa ba ta bushewa, saiwa ba ta samun iska, sai ruɓa ta hauro daga ƙasa.

Yau ɗin nan ka tone ta. Wanke saiwar, ka sa wuƙa mai kaifi ka yanke duk inda ya yi baƙi ko ruwan ƙasa, ka ci gaba da yanka har sai ka ga fari tas. Kada ka ji tausayinta, ɗigon ruɓa ɗaya da ka bari zai cinye sauran. Shafa garin gawayi a wurin, ka rataye ta a inuwa mai iska kwana bakwai zuwa goma, sai yankan ya bushe ya yi tauri.

Kada ka mayar da ita cikin tsohuwar ƙasar. Lakar fadamar Rima ta albasa ce da shinkafa, riƙe ruwa take yi. Haɗa kwano biyu na yashi mai tsakuwa, kwano ɗaya na ƙasar jigawa, kwano ɗaya na takin shanu da ya ruɓe sarai, da tafi biyu na dakakken gawayi. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba a zafin Sakkwato, amma ka huda gindinta wuri uku ko huɗu, ka ɗora ta kan bulo. Bar saman gindin a waje, kada ka binne shi. Mako guda ba ruwa.

Daga nan yatsanka ne ma'auni: tura shi cikin ƙasa har gaɓa biyu, in ka ji danshi ka wuce. A bazara, Maris zuwa Mayu, yawanci duk kwana uku ko huɗu ne a tukunya, ka zuba sosai har ya fito ta ƙasa. Da hunturu sau ɗaya a kwana goma ya wadatar, kuma zubar ganye a lokacin ba cuta ba ce, hutu take yi kafin fure. Agusta ne watan haɗari. Janye tukunyar daga ƙarƙashin indararo, ka ajiye butar ban ruwa gaba ɗaya.

Rana kuwa ba ta yi mata yawa, aƙalla awa shida. Wadda aka ɓoye a inuwar dogon yaro sai ta yi ta tsawo siririya, furen nan ja-ja mai fari a tsakiya ba zai fito ba, mai gidan da ya saya a wurinka ya ce ka sayar masa da juya.

In ka sami lafiyayyen reshe a wadda ta ruɓe, yanki santimita 15 zuwa 20, ka shanya shi a inuwa kwana biyar, ka soka a yashi mai ɗan danshi. Cikin mako huɗu zuwa shida zai yi saiwa. Sai dai reshe ba ya saurin yin ƙaton gindi irin na iri. In iri kake so, ɗaure kwanson da zare kafin ya fashe, don 'ya'yan suna da gashi, iska ke kwashe su, kuma ka shuka su da ɗanyensu.

Ruwan jikinta dafi ne, da shi mafarauta suke haɗa dafin kibiya a zamanin da. Kada ya taɓa maka ido, ka wanke hannu da sabulu bayan yanka, wuƙar kuma kada ta koma madafa. Gidan da ke da ƙananan yara, ka gaya wa matan gidan tun ranar da ka kai ta, a ɗora tukunyar inda hannunsu ba ya kaiwa.