Sunan Godwin: daga ina ya fito, kuma me ya sa ya yi ƙaranci a Ingila?

Tambaya: Uwargidana na da juna biyu, kuma idan Allah ya ba mu namiji ina so in yi wa kawuna marigayi takwara. Sunansa Godwin. A nan Kudancin Kaduna sunan ba baƙo ba ne, amma ƙanina da ke aiki a Ingila ya ce bai taɓa cin karo da Bature mai wannan suna ba, duk Godwin ɗin da ya gani ɗan Afirka ne. Shin da gaske sunan Turawan Ingila ne? Kuma an ce mini ma'anarsa "Allah ya yi nasara", haka ne?

Amsa: Allah ya sauke ta lafiya, ya kuma raya abin da za a samu. Ƙaninka bai yi ƙarya ba, kuma sunan na Ingila ne tsantsa, ya ma haura shekara dubu a can. Fassarar da aka ba ka ce ke da gyara.

A tsohon Turanci, wanda Angulo-Sakson, mutanen Ingila na dā, suka yi magana da shi kafin shekarar 1066, ana rubuta sunan Godwine, kuma kalma biyu ce aka haɗa. Ta biyun, wine, ita ce ke ruɗa mutane. Ana furta ta gaɓa biyu, wi-ne, ma'anarta aboki ko masoyi, a waƙoƙinsu ma har da majiɓinci. Ba ita ce win, kalmar cin nasara ta Turancin yau, ba, haka ma ba kalmar giyar inabi ba ce duk da rubutunsu ɗaya. Kalmar ta mutu a bakin Turawa tun da daɗewa, sai dai ta maƙale a wutsiyar sunaye: Edwin, abokin arziki, Alvin, daga Aelfwine, abokin aljanu, Oswin, har da Darwin, wanda asalinsa Deorwine ne, aboki abin ƙauna.

Kalmar farko kuwa fuska biyu gare ta. A tsohon Turanci akwai god mai gajeren wasali, wato Allah ko abin bauta, akwai kuma mai dogon wasali, wato nagari. Marubutan wancan zamani ba su cika nuna tsawon wasali a rubutu ba, don haka idan aka ga Godwine a tsohuwar takarda ba lallai a iya tantance wanne ake nufi ba. Shi ya sa za ka ga wasu masana sun ce "abokin Allah", wasu sun ce "aboki nagari". Abin da aka fi tafiya a kai a littattafan sunaye shi ne a ba Godwin ma'ana ta farko, a ba Goodwin mai wasali biyu ta biyun. Idan ka faɗa wa mutane cewa sunan ɗanka na nufin abokin Allah, ba ka kauce ba. Ma'anar ma sananniya ce a wurinmu: Littafi Mai Tsarki ya kira Ibrahim abokin Allah a wasiƙar Yaƙub 2:23, Musulmi kuma na yi masa laƙabi da Halilullahi, inda sunan Halilu ya samo tushe.

Sai dai kada a ɗora wa ma'anar nauyin da masu sunan ba su ɗora mata ba. Angulo-Sakson suna da tarin kalmomin raɗa suna, kamar wulf, ead, leof, ric da wine, suna ɗauko biyu su haɗa, sau da yawa ba tare da damuwa ko haɗin ya ba da ma'ana ba. Abin da ya fi damunsu shi ne a ji ƙamshin gida a sunan, wato ɗa ya gaji rabin sunan uba ko na kaka.

Wanda ya fi shahara da sunan shi ne Godwin na Wessex. Sarki Cnut, mutumin Denmak da ya ci Ingila a 1016, shi ya ɗaga shi ya ba shi sarautar da suke kira Earl, wato babban hakimi mai riƙe da kudancin ƙasar, shi Godwin ɗin kuma ya auri Gytha, 'yar manyan Denmak. A zamanin Sarki Edward, wanda ya hau a 1042, babu mai ƙarfin Godwin a ƙasar, har ya aurar wa sarkin 'yarsa Edith a 1045. A 1051 suka saɓa, bayan wata tarzoma a garin Dover da sarki ya umarce shi ya hukunta mutanen garin shi kuma ya ƙi. Aka kore shi da iyalinsa, ya tsallaka teku, shekara na zagayowa ya dawo da jiragen yaƙi, dole sarki ya mayar masa da sarautarsa. A watan Afrilu na 1053, a Winchester, yana cin abinci tare da sarki ya yanke jiki ya faɗi, bayan 'yan kwanaki ya cika. Ɗansa Harold, wanda tarihi ya sani da Harold Godwinson, wato Harold ɗan Godwin, shi ya zama sarki a Janairun 1066, kuma shi William na Normandi, da ke arewacin Faransa, ya kashe a yaƙin Hastings ranar 14 ga Oktoba na wannan shekara, tare da ƙannensa biyu, Gyrth da Leofwine.

Daga wannan yaƙi sunan ya fara gangara. Kafin nan gama-gari ne. A kundin Domesday, ƙidayar filaye da dukiya da William ya sa aka yi a 1086 bayan ya zama sarkin Ingila, Godwine na cikin sunayen da suka fi maimaituwa a jerin waɗanda suka riƙe ƙasa kafin mamayar. Amma da mulki da coci da kotu suka koma hannun masu jin Faransanci, iyaye suka fara sa wa 'ya'yansu sunayen masu gari: William, Robert, Richard, Henry, daga baya kuma sunayen Littafi Mai Tsarki kamar John da Thomas. Cikin ƙarni biyu mafi yawan tsofaffin sunayen sun shafe. 'Yan kaɗan da suka tsira, akwai abin da ya riƙe su. Edward da Edmund sunayen waliyai ne, kuma Sarki Henry na Uku ya raɗa wa 'ya'yansa su, Edward a 1239, Edmund a 1245, sai suka koma sunayen gidan sarauta. Godwin bai da babban waliyi a Ingila da zai jingina da shi, ga shi kuma sunan gidan da aka ci da yaƙi.

Bai ɓace gaba ɗaya ba, wuri ya sauya. A daidai wannan zamani ne Turawan Ingila suka fara ɗaukar sunan zuriya mai bin gado, sai jikokin masu suna Godwine suka zama iyalan Godwin da Goodwin. Har gobe Baturen Ingila in ya ji Godwin, sunan mahaifi yake fara kawowa a ransa. A ƙarni na 19, zamanin Sarauniya Victoria, an yi yayin tono tsofaffin sunaye, Alfred da Harold da Edwin da Edgar da Wilfred suka dawo da ƙarfi, amma Godwin bai samu wannan karɓuwa ba.

To, ta yaya ya cika Najeriya da Ghana da Gabashin Afirka? Ta hanyar 'yan mishan da makarantunsu, inda ake ba mai baftisma sunan Turanci. A ganinmu, abin da ya sa ya kama ƙasa a nan fiye da irin su Cuthbert ko Wilfred shi ne kunne. Al'ummominmu sun saba da sunan da ke ɗauke da ambaton Allah a fili, kuma ga suna da kowa ke jin God a farkonsa, win a ƙarshensa. Sai ya shiga sahun Godswill da Godspower da ThankGod, waɗanda su Turancin yau ne aka ƙera su da shi, alhali shi ya girme su da ɗaruruwan shekaru. Daga nan fassarar "Allah ya yi nasara" ta fito. Sanannu da sunan sun haɗa da Godwin Emefiele, gwamnan Babban Bankin Najeriya daga 2014 zuwa 2023, wanda sa hannunsa ke kan takardun naira na wancan lokaci, da Godwin Obaseki, gwamnan Edo daga 2016 zuwa 2024. Sunan Gowon kuwa, don wasu kan haɗa su, na Ngas ne na Filato, babu abin da ya gama shi da wannan.

Idan kana so ka tabbatar da maganar ƙaninka da lissafi, hukumar ƙididdiga ta Birtaniya, ONS, tana fitar da jerin sunayen jariran Ingila da Wales kowace shekara, kuma cikakken jerin ya faro daga 1996. Kafin nan sai sunaye 100 na sama, na kowace shekara goma, daga 1904. Godwin ba ya cikin ɗarin farko. Ka lura da abu biyu wajen dubawa. Duk sunan da aka sa wa jarirai ƙasa da uku a shekara ba a buga shi, don kare sirrin iyalai, saboda haka rashin ganin suna ba ya nufin babu wanda aka sa wa. Sannan kowane salon rubutu ana ƙirga shi daban, Godwin daban, Goodwin daban. 

Sauran batun takardu, inda mutane suka fi shan wahala. Ku tsayar da rubutu ɗaya tun a takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, G-o-d-w-i-n, ku duba kafin ku bar ofishin, domin masu shigar da bayanai kan ƙara wasali ya zama Goodwin, ko su sa y a gurbin i. Kuskuren harafi ɗaya zai bi yaro zuwa lambar NIN, daga can zuwa JAMB da fasfo, gyaransa kuma kan kai ga rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida. Tunda sunan na aiki a matsayin sunan yanka da kuma sunan mahaifi, a kula da gurbin da aka rubuta shi a fom, musamman fom na ƙasashen waje, don kada a juya shi. In kuma ka bincika sunan a intanet, za ka yi ta cin karo da abin da ake kira dokar Godwin. Wannan wata magana ce da wani lauya ɗan Amurka, Mike Godwin, ya yi a 1990 game da yadda muhawara a intanet kan ƙare da ambaton Hitler, kuma shi sunan zuriyarsu ne.